Wayoyi a ƙirjina a ƙofar kasuwar Garwa

Shekarun baya, lokacin ina harkar albasa gadan-gadan, ina saro ta daga wajen Bogo ina loda wa kamiyo, wato babbar motar kaya, zuwa Ngawundere, na yi fama da wani ciwo da na daɗe ban san sunansa ba. Ina zaune lafiya lau, ko ina tsakiyar ciniki, sai zuciyata ta ɓalle da gudu, fat-fat-fat, babu sallama. Gumi ya karyo mini, idona ya yi duhu, in nemi buhu in zauna. Wani lokaci kafin a shanye kofin ruwa ta lafa, wani lokaci ta kai ni daga azahar har la'asar. Sannan ta tsaya da kanta, tsit, kamar an kashe inji.

Babu abin da ba a ce ba. An ce iska ce, an ce sammu ne, an ce yawan lissafi ne. Na sha rubutu, na sha saiwa, na shaƙi hayaƙin da har yau ban san na mene ne ba. Wata rana abin ya kama ni a rumfa, sai abokina, wani Bafulatani da muke zama rumfa ɗaya, ya ce yau kam ba zai zuba mini ido ba. Ya ɗora ni bayan moto, wato babur, muka tafi asibiti zuciyar tana cikin gudun. A nan aka yi mini elektro, wato awon da ke zana bugun zuciya a takarda, aka kama ta dumu-dumu.

Likitar zuciyar wata mata ce 'yar kudu, Faransanci take yi da Fulatancin kasuwa. Ta ce akwai wata ɓarauniyar hanya a cikin zuciyata, kamar wayar lantarki da aka ja ba bisa ƙa'ida ba. Idan wuta ta bi ta wurin sai ta yi ta zagaye, shi ne gudun. Maganinsa a shiga a ƙona wurin. Ta ce wasu likitoci baƙi suna zuwa wani asibiti can kudu lokaci-lokaci suna yin aikin, za ta saka ni a layi.

Da na ji kalmar ƙonawa, na ɗauka za a tsaga ƙirjina a sa wuta. Ashe ta jijiyar cinya ake zura wata siririyar waya har ta kai zuciya, kana kwance idonka biyu, kana jin suna hira a kanka. Na ji wani ɗumi a ƙirji na ɗan lokaci, shi ke nan. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kwanciya rigingine da aka sa ni bayan aikin, aka hana ni motsa ƙafa. Bayan 'yan kwanaki na hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, na hau mota zuwa Garwa, ina jin kaina sabo fil.

Mahaifiyata ta sa aka soya waina aka raba a unguwa. Ba murnar lafiyata kaɗai take yi ba. Tun rasuwar mahaifinmu take da niyyar Makka, ni ne kuma muharraminta, amma ciwona ya sa aka ɗage tafiyar har sau biyu. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ina dawowa na je na saka sunayenmu a cikin maniyyatan shekarar, na zo na faɗa mata. Ta ce, "Allah ya nuna mana."

Ba a yi wata guda ba, ina rumfa da hantsi ina duba wani buhu da ya fara ruɓa, sai na ji zuciyata ta yi kamar ta yi tuntuɓe. Ta tsallake bugu ɗaya, ta ɗan yi jim, sannan ta buga da ƙarfi, dum, har cikin maƙogwaro. Jama'a, da haka tsohon ciwon yake farawa. Na dafe buhun ina jiran gudun. Bai zo ba. Can anjima ta sake. Washegari ta sake, har ya zama kullum sai ta yi, wani yinin kaɗan, wani yinin kamar ana yi mini ƙwanƙwasa a ƙirji.

Na ce a raina, an gudu ba a tsira ba. Ko dai aikin bai yi ba, ko kuma garin ƙona wancan wurin an ƙona wani abin da bai ji ba bai gani ba. Kuma ban faɗa wa kowa ba. Ta yaya zan faɗa, bayan duk unguwa ta ci waina?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na daina shan shayi, ni da ake yi wa kirari da tukunya. Na daina hawa moto. Ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Ko sujada zan yi sai na lallaɓa. Yatsuna biyu kuwa suka tare a wuyan hannuna, ana magana da ni ina sauraron jijiya. Abokina ya gaji ya ce, "Wai agogo ka haɗiye ne, kullum kana duba lokaci a fata?" Na ce masa ƙaiƙayi ne. Ya ce, "To, Allah ya ba ƙaiƙayi lafiya."

Abin da ya fi damuna shi ne tafiyar. Na riƙa hango kaina na faɗi a tsakiyar ɗawafi, tsohuwa tana tsaye a kaina cikin taron da ba ta jin harshen kowa. Da tunanin ya ishe ni, na shiga ɗakinta bayan la'asar, na zauna bakin tabarma, na fara kewaye-kewaye. Na ce kasuwar albasa bana tana son mutum ya tsaya a kanta. Na ce ƙanena ma ai ya kai ya ga Ka'aba, me zai hana ya raka ta, ni in bari sai baɗi.

Tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Albasa ce ta hana ka shan shayi?"



Ta ce, "Ina kallon ka. Kana cin tuwo kamar an aiko ka. Hannunka kullum a hannunka. Ya dawo ne?"

Na ce, "Inna, bai dawo duka ba. Yana dai leƙowa."

"Ka gaya wa matar asibitin?"

Na ce ban gaya mata ba tukuna.

Ta ajiye tiren. Ta ce, "Wanda ya yi maka aski shi ake nuna wa inda ya bar gashi. Gobe za mu je. Maganar ƙanenka kuma ka bar ta, ni da kai muka yi niyya."

Haka washegari na bi ta zugui-zugui, ƙato da ni da furfura a gemu, kamar yaron da za a kai makaranta. Likitar ta saurare ni, ta yi elektro, amma zuciyar da ta san an zo kai ƙararta sai ta natsu, ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba. Likitar ta ce ba komai, za a ɗaura mini wata na'ura da ake kira olter, in kwana da ita in yini, ta naɗe duk abin da zuciyar ta yi. Wani nas ya aske mini gashin ƙirji wuri-wuri, ya manna wasu 'yan faifai da filasta, ya jona musu wayoyi, wayoyin suka taru a wani ɗan baƙin akwati da ya ɗaure mini a ƙugu. Na mayar da rigata a kai. Likitar ta ce, "Malam, kada ka je ka kwanta. Ka yi harkokinka kamar kullum, abin da muke so mu gani ke nan."

Ni kuwa na ɗauki maganar nan da gaske fiye da kima.

Ku tuna wane lokaci ne. Shekarun da bama-bamai ke tashi can wajen Marwa da Mora ne, a kasuwanni da tashoshi, galibi a jikin mutane ake ɗaura su. Garwa ba ta ga abin da idonta ba, amma kowa a tsorace yake. An sa shinge a ƙofofin babbar kasuwa, layin maza daban, na mata daban, 'yan sintiri suna shafa wa mutum wata sanda mai ƙara, sojoji suna tsaye gefe da bindigogi. Kullum ta nan nake wucewa, har na daina ganin su. Da muka fito asibiti, mahaifiyata ta ce tunda an fito, a biya kasuwa ta sayi kuka da daddawa na guzuri. Na ce to. Wallahi ko sau ɗaya ban haɗa akwatin da ke ƙuguna da ƙofar nan a raina ba. Hankalina duk yana cikin ƙirji.

Na shiga layi, ta shiga nata. Da aka zo kaina, ɗan sintirin ya shafa sandar, ta yi ƙara a ƙuguna. Ya kai hannu ya taɓa ta saman riga. Ya ji akwati. Ya bi da yatsa ya ji wayoyi sun hau ƙirji. Na ga fuskarsa ta sauya, sannan ne, a daidai lokacin, na gane abin da na yi. Kafin in buɗe baki ya yar da sandar ya kurma ihu, "Bom!"

Ban taɓa ganin wuri ya watse haka ba. Tirurruka na tumatir suka kife, takalma suka zube, masu moto suka yar da babura suka ranta a na kare. Cikin ƙiftawar ido na ga ni kaɗai a fili, bakin bindigogi suna kallona. Wani soja yana ta tsawa da Faransanci, "Bouge pas! Bouge pas!", wato kada in motsa. Ni kuma saboda wauta na kai hannu zan ɗaga rigar in nuna musu. Sai na ji ƙarar ɗana bindiga, ƙaras. Na ɗaga hannuwa sama, na durƙusa a kan gwiwa. Ina cewa na asibiti ne, ina faɗa da Hausa, da Fulatanci, da Faransanci, amma muryar ko ni ba na jin ta sosai. Sojan da ya fi kusa da ni matashi ne, ina ganin bakin bindigarsa yana rawa. Na yi kalmar shahada.

Sai na ji takun sanda a bayana, ƙwas, ƙwas, ba sauri. Sojoji suka koma yi wa wani tsawa, suna cewa a koma baya. Mahaifiyata ba ta jin Faransanci, ko da tana ji ma ban ga alamar za ta koma ba. Ta zo ta tsaya dab da ni, ta ajiye sandarta, ta zauna a ƙasa, kafaɗarta tana taɓa tawa.

A nan sai in gaya muku wani abu. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan da ne masu alkunya. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". Idan baƙi suka tambaye ta ni wane ne, sai ta ce ɗan gidan nan ne. Amma ranar, a gaban sojoji da duk mutanen da suka laɓe bayan rumfuna, ta ɗaga murya da Fulatanci yadda kowa zai ji, ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na farina. Ciwon zuciya gare shi, daga asibiti muke. In abin da ke jikinsa na tashi ne, to ya tashi da ni."

 Wani babba a cikin sojojin, mai jin Fulatanci, ya ɗaga hannu ya ce kowa ya dakata. Ya yi tambaya daga nesa ko akwai wanda ya san mutumin nan. Sai ga abokina ya fito daga cikin kasuwa, shi ma hannuwa a sama, yana cewa rumfarmu ɗaya, shekara da shekaru, albasa yake sayarwa, ko kaza bai iya yankawa. Babban ya ce ya hau moto ya je ya zo da wanda ya ɗaura abin.

Muka zauna a rana muna jira, ni a durƙushe, hannuwana a sama har suka mutu. Zuciyata kuwa tana dukan ƙirjina kamar ana kirɓa sakwara. A cikin dukan nan na ji tuntuɓen ya zo, dum, ya sake zuwa, dum. Na ce yau kam in bindiga ba ta kashe ni ba, gudun nan zai ƙarasa ni. Mahaifiyata ba ta kalle ni ba, tana jan carbi, sai dai ta ce a hankali, "Kada ka sauke hannu."

Nas ɗin ya iso da farar rigarsa a bayan abokina, ya yi wa babban bayani, sannan ya zo ya ɗage mini riga har wuya. Duk kasuwar Garwa ta ga tumbina da ƙirjina mai aski wuri-wuri kamar gonar da awaki suka yi kiwo. Wani ya fara dariya daga bayan rumfa, sai ta bazu. Matashin sojan nan ya sauke bindiga, ya zo ya miƙo mini gorar ruwansa, yana ta ba ni haƙuri yana cewa, "Pardon, papa." Ban ga laifinsa ba, ban ga na ɗan sintirin ba. Da ni ne a wurinsu, da na fi su ihu.

Mahaifiyata ta dafa sanda ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta dube ni ta ce, "Sai ka tashi ai, ka tara mana jama'a." Ta wuce ciki ta sayi kukarta da daddawarta. Ni na biya masu tumatir ɓarnar da aka yi musu, ina ba da haƙuri rumfa-rumfa.

Washegari na mayar da na'urar. Labari ya riga ni isa, domin tun daga ƙofa ma'aikata suke ƙunshe dariya. Likitar ta fara da ba ni haƙuri, ta ce ya kamata su gargaɗe ni, daga ranar kuma duk wanda aka ɗaura wa sai an ja masa kunne game da shingaye. Sannan ta juyo da allon kwamfuta ta nuna mini zanen. Ta sa yatsa a wani wuri da layukan suka cunkushe, ta ce, "Nan ne ƙofar kasuwa, ko?" Na ce nan ne.

Ta ce, "Dubi. Zuciyarka ta yi sauri sosai, amma saurin mai tsoro ne, irin na kowa. Ta hau a hankali, ta sauka a hankali. Ga kuma bugun da kake ji, ga ɗaya, ga wani, ga wani. Kowanne ya zo shi kaɗai ya wuce. Da hanyar nan da muka ƙona tana nan, da a wurin nan ta kama. Ni ko a asibiti ba ni da gwajin da ya kai wanda sojoji suka yi maka."

Na ce to shi tuntuɓen fa, mene ne?

Ta ce bugu ne da ke riga lokacinsa zuwa, sai zuciya ta ɗan jira, na bayansa ya zo da ƙarfi, shi ne dum ɗin da nake ji. Ta ce kusan kowa yana yin sa, yawanci ba sa lura. Ni dama ina da shi tun da, shi ne ashanar da ke kunna mini wutar. Yanzu ashanar tana nan, amma an kwashe ciyawar. Ga shi kuma wurin da aka ƙona bai gama warkewa ba, zai riƙa yin tsami na 'yan watanni kafin ya lafa. Ta ce idan na ji gudu mai tsawo irin na da, ko jiri har na faɗi, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, in zo da gudu. In ba haka ba, in rage shayi, in yi barci, in cire yatsuna daga hannuna.

Na ce, "Makka fa?"

Ta ce, "Ka je. Ka yi mini addu'a."

Na fito na tsaya a gindin wata bishiyar dogon yaro a harabar asibitin. Na zauna a kan benci na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko a gaban bindiga. Daga nan na tsaya wurin mai shayi na ce ya haɗa mini rabin kofi. Da na isa gida na faɗa wa mahaifiyata, sai ta ce, "To, madalla. A nemo mini tela." Mun je, mun sauke farali, mun dawo lafiya. A Mina zuciyar ta yi mini tuntuɓe ba sau ɗaya ba, na ce mata sannu da aiki, na ci gaba da tafiya.

Yau shekaru sun ja. Tsohon gudun bai sake dawowa ba ko sau ɗaya. Tuntuɓen ya ragu kamar yadda aka ce, amma bai tafi duka ba. Idan na yi kwanaki ban yi barci sosai ba, ko zafin Garwa ya tsananta ban sha ruwa ba, yakan leƙo. Ba zan ce ba na jin komai ba, gabana yakan ɗan faɗi, sai dai faɗuwar ba ta kai ƙasa. Idan na tuna makonnin da na yi ina lallaɓa sujada, ina shirin tura ƙanena a madadina, sai in ga duk wahalar nan ni na saya wa kaina da shiru. Tambaya ɗaya ce ta raba ni da ita, kuma asibitin bai fi tafiyar moto ba. Duk wanda aka yi wa irin aikin nan ya ji wani abu da bai gane ba, ya koma wurin wanda ya yi masa. Mai yiwuwa irin nawa ne, mai yiwuwa ba shi ba ne, amma ba yatsa biyu a wuyan hannu ne za su gaya masa ba.

Mahaifiyata ta tsufa sosai yanzu, ta koma kira na "kai" tun a ranar, ban kuma sake jin waccan maganar daga bakinta ba. Ban nema ba.

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya same ni a rumfa, ya ce an ce za a ɗaura wa matarsa irin na'urar nan, tunda ni na san ta, wace shawara zan ba su. Na ce masa abin ba ya ciwo, kada ta ji tsoro, kada kuma ta jiƙa shi da ruwa. Ya yi godiya ya juya zai tafi, na kira shi na ce, "Cefanen ranar kuma, kai za ka yi."